Kafin Ka Karɓi Makullan Gidan Yari

Wurno,
ranar Lahadi.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun sauka lafiya, kai da Balkisu da yara, kuma hanya ba ta wahal da su ba. Allah shi sa kun shiga garin da ƙafar dama, shi tsare ku daga sharrin abin da kunka sani da wanda ba ku sani ba. Innarka tana gaishe ku.

Ranar da kaz zo sallama ka zauna zaure kana jiran in ce wani abu, ni kuwa ban wuce Allah shi kiyaye hanya ba. Ba rashin magana ba ne. Maganar ce ba ta faɗuwa gaban ƙannenka da maƙwabtan da sunka cika zauren suna taya ka murna. Shekara goma sha biyu kana aikin ga, amma duk hedikwata kay yi su, tsakanin takardu. Yanzu an ba ka gida sukutum da mutanen da ke cikinai, kuma kai za a tambaya. Ni na riƙe irin wanga gida shekara tara kafin in aje aiki. Doka kam ka fi ni saninta, ta ma canza bayan barina, har sunan wurin an sake, yanzu gidan gyaran hali kuke cewa. Don haka ba doka zan karanta maka ba. Wuraren da nit taka ta zan gaya maka.

Na farko tun ina mai riƙe da rajista ne, ban kai ga shugabanci ba. Akwai wani dattijo daga wajen Tursa da anka yanke ma wata shida kan faɗan iyakar gona. Ranar fitatai ta faɗo daidai ranar Babbar Salla. Da safiyar jajibiri yat tare ni tsakar gida, yac ce, "Yallaɓai, gobe kwanana ke cika."

Nic ce mashi, "Gobe Salla ce, baba, ba ofis. Sai an dawo hutu."

Bai yi musu ba. Yay yi Salla ciki, yaƙ ƙara kwana biyu. Da anka dawo aiki, shugabanmu na lokacin yad duba rajista yak kira ni. Yac ce in ranar sallamar mutum ta faɗo ranar hutu, kafin hutun ake sakinai, ba bayanai ba. Sannan yat tambaye ni, "Kwana ukun ga da yaƙ ƙara, wane alƙali yay yanke mashi su?" Alƙalin kuwa ni ne.

Ka riƙe wannan, Nasiru. Iyakar abin da kotu ta rubuta shi ne iyakar ikonka. Yini guda da mutum zai ƙara hannunka bayan wa'adinai, kai kaɗ ɗaure shi, ba gwamnati ba. Duk farkon mako ka sa a kawo maka sunayen masu fita, ka lissafa kwanakin da kanka, kada ka ce akwai mai yin wannan aikin.

Sauran duka kan mutum guda ne, sunanai Sahabi. Ba ka taɓa jin sunan ga bakina ba, amma ya taɓa rayuwarka, za ka ga ta yadda.

Masunci ne daga wani ɗan ƙauye kusa da Rimawa, lokacin bai fi shekara talatin ba. Injin ban ruwa ya ɓata a fadamar wani mai albasa, anka ce an ga jirgin Sahabi kusa da wurin. Wata Alhamis bayan la'asar 'yan sanda sunka kawo shi, lokacin ina shekarata ta biyu da riƙon gidan. Mutum biyu ke riƙe da shi don ba shi iya taka ƙafar hagu. Nik karɓi takardar tsarewa nid duba. Akwai sunanai, akwai hatimin kotu, amma wurin da ake rubuta ranar da za a maishe shi gaban alƙali ba komi.

Sajen da yak kawo shi sananne ne gare ni, masallacinmu guda. Yac ce, "Oga, a taimaka. Ɗakinmu ya cika, magatakardan kotu kuma ya tashi. Litinin da safe zan kawo maka wadda anka cika."

Nic ce, "Ƙafar fa?"

Yac ce, "Faɗuwa yay yi wajen gudu."

Nid dubi Sahabi, shi kuma yad dubi ƙasa. Ban tambaye shi ba. Ko da na tambaya, mi zai ce waɗanda sunka kawo shi suna tsaye kanai? Nis sa hannu cewa na karɓe shi lafiya. Ma'aikacin lafiyarmu ya riga ya tafi gida, ban aika a kira shi ba, nis sa anka ba Sahabi man zafi shi shafa. Sai da kwana goma sha biyu sunka wuce, ƙafar ta kumbura har 'yan ɗakinsu sunka yi ƙara, sannan munka kai shi asibiti. Likita yac ce ƙashin ya karye, kuma ya fara haɗewa a karkace. Haka yah haɗe.

Aikin ga rabinai bakin ƙofa shike. Duk wanda anka kawo, ka karanta takardatai tun daga sama har ƙasa, da suna, da kotu, da sa hannun alƙali, da ranar komawa. In abu guda babu, a koma a cika. Sannan ka dubi mutumin da idonka, ka sa waɗanda sunka kawo shi su ja gefe, ka tambaye shi ko akwai inda ke mashi ciwo. Ku yanzu doka ta faɗa muku ƙarara kada ku karɓi mai mummunan rauni, ko wanda ba shi cikin hayyacinai, ko yaron da bai kai ba. Ka tsaya a kanta. Za su ji haushi, wani ma shi daina gaishe ka. Wannan mai sauƙi ne. Da zarar ka sa hannu, raunin ya zama naka.

Litinin ta zo, sajen bai zo ba. Nis sa anka tuna mashi sau biyu, daga baya nij ji an yi mashi canjin wurin aiki. Nib bar maganar, ina cewa kotu za ta aiko.

Wata na biyar da shigowar Sahabi, wata Talata da hantsi, gandiroban ƙofa yaz zo ofis yac ce ga wata mata da goyo tana neman ganin mijinta. Ranakun ziyara a gidanmu Asabar da Lahadi ne. Makon kuwa raina a ɓace shike, don an kama tabar wiwi cikin abincin da wani baƙo yak kawo, an yi mani faɗa daga sama, na rantse ba wanda zai ƙara ganin kowa in ba ranar ziyara ba. Nic ce a gaya mata ta dawo Asabar. Gandiroban yad dawo yac ce, "Oga, ta ce daga nesa take. Ganin yaron ɗai take so shi yi."

Nif fito da kaina. Hajo ce sunanta, matar Sahabi. Tana da ciki anka kama shi, kuma ba ta daɗe da gama arba'in ba. Tad durƙusa tac ce, "Yallaɓai, ban san akwai rana ba. Tun asuba nif fito, kabu-kabu sannan mota. Sunan baban Sahabi anka sa ma yaron, shi kuwa bai gan shi ba."

Nic ce, "Doka ce. Ki dawo Asabar."

Tac ce, "Ba ni da kowa garin ga da zan kwana wurinai. Kuma ruwa ya kusa sauka, in ya sauka hanyarmu ba ta biyuwa."

Nis sake cewa doka ce, nik koma ofis. Ta tagar ofishina ina hangen ta zaune ƙarƙashin iccen dogon yaron da ke tsallaken hanya, ta sauke yaron tana ba shi nono. Har anka kira azahar tana nan. Da nid dawo daga masallaci ba ta nan.

Ba doka ba ce, Nasiru. Asabar da Lahadi ni nit tsara su. Doka ta ba shugaban gida ikon barin ziyara ta musamman in ya ga dalili, na kuma san haka ranar. Da na ce a caje ta, a tsai da gandiroba kusa, a fito da Sahabi shi ɗauki ɗanai, da ba wanda zai tambaye ni. Tsakiyar daminar nan zazzaɓi yak kama yaron ya rasu. Wani ɗan ƙauyensu da yaz zo ziyarar wani fursuna shi yak kawo labarin, shi ne kuma yag gaya ma Sahabi cewa Hajo ta taɓa zuwa anka maishe ta. Washegari wajen ƙidaya Sahabi yag gaishe ni yadda ya saba.

Ka rarrabe abin da doka tac ce da abin da kai kat tsara don sauƙin aikinka. Na farko ba ka da ikon taɓa shi. Na biyu naka ne, kana iya lanƙwasa shi. Kuma in za ka hana mutum abu don ranka ya ɓaci, to ka ce ni ne nih hana, kada ka jingina shi ga doka. Da na tilasta ma kaina faɗin haka gaban matar nan, ina jin da bakina bai iya ba. Ganin iyali haƙƙin wanda ke tsare ne, ba kyautar da kake bayarwa ran da kat tashi da farin ciki ba.

Daga nan sai kwanaki sunka yi ta tafiya. Alƙalin da yas sa hatimin shi ma anka canza mashi kotu. Mai injin bai ƙara bin maganar ba. Ba wanda ke neman Sahabi, ba wanda yas san shina nan in ba mu ba. Kullum da safe bayan ƙidaya sai shi ɗingiso shi ce, "Ranka shi daɗe, ba a aiko ba?"

In ce, "Ba a aiko ba, Sahabi."

Shi ce, "To, Allah shi sa a aiko."

Mutum ne marar hayaniya. Shina koya ma samarin ɗakinsu saƙar komar kamun kifi da zaren buhu, in rigima ta tashi shi ke raba ta tun kafin gandirobobi su iso. A hankali yaz zama kamar wani sashen gidan, har nid daina ganinai a matsayin wanda bai kamata shi kasance nan ba. Da shekara ta zagayo yad daina tambaya. Abin da nif fi jin kunyatai duk cikin labarin ga shi ne, da yad daina, sauƙi nij ji.

A tsawon lokacin nan na rubuta wasiƙa kan famfon da yal lalace, na rubuta kan rufin da ke yoyo, na rubuta kan geron da anka kawo muna da tsakuwa. Kan Sahabi ban rubuta ko layi guda ba. Na daɗe ina gaya ma kaina aiki ne yay yi yawa. Gaskiyar ita ce, in na rubuta, tambayar farko da za a yi ita ce wa yak karɓi takardar da ba ta da rana.

Masu jiran shari'a ba a same su da laifi ba tukuna. Ajiya ce kotu ta ba ka, kuma aikinka ne ka kai su gabanta ranar da tac ce. Ka raba su da waɗanda anka riga anka yanke ma hukunci, ka aje sunayensu inda idonka ke faɗawa kullum. Wanda ranatai ta wuce ba a kira shi ba, ka rubuta ma kotu, ka aje kwafi, in an yi shiru ka sake rubutawa, in an ƙara shiru ka kai maganar sama. Ka fi sa ido kan masu shiru. Mai surutu shina tuna maka da kanai, mai haƙuri kuwa sai dai kai ka tuna da shi.

Sahabi ya shekara biyu da wata bakwai hannuna sannan saƙo yaz zo cewa babban jojin jiha zai kawo ziyara don duba waɗanda sunka daɗe ba shari'a, a shirya sunayensu. Mataimakina, mutumin kirki ne kuma da nufin taimakona yay yi magana, yac ce, "Oga, in kas sa sunan Sahabi, takardatai za a nema. A bari mu samu a gyara ta, zuwa na gaba sai a sa shi." Lokacin ina jiran ƙarin girma. Nis sa anka buga sunayen ba nashi.

Ranar Juma'a nid dawo gida bayan masallaci, innarka ta aje mani tuwo, niz zauna ina kallonai. Tac ce mi ke damuna. Nig gaya mata duka, tun daga ƙofa. Ta saurara har niƙ ƙare, sannan tac ce, "Shi mutumin, ya san an cire sunanai?"

Nic ce, "Bai ma san da wata takarda ba."

Tac ce, "To ba mai tambayarka nan duniya ke nan." Taɗ ɗauke kwanon tat tafi da shi.

Ranar Litinin nik ƙara sunan Sahabi da biro ƙasan sauran.

Joji yaz zauna tsakar gida ƙarƙashin rumfa, ana kiran mutane ɗai-ɗai. Sahabi ne na ƙarshe. Joji yak karɓi takardar, yad duba gabanta, yaj juya bayanta, sannan yac ce, "Wa ya karɓi mutum da wannan?"

Nic ce, "Ni ne, ranka shi daɗe."

"Wasiƙa nawa ka rubuta wa kotu a kansa?"

"Ko guda."

Bai ɗaga murya ba. Yac ce ko da an sami mutumin ga da laifin da ake zargi, zaman da yay yi ya wuce abin da za a yanke mashi. Nan take yas sallame shi. Sahabi yat tsaya kamar bai fahimta ba, sai da wani gandiroba yat taɓa kafaɗatai yac ce ka tafi gida anka ce.

Ni kuma anka ba ni takardar neman bahasi, ƙarin girman ya tsaya, anka kuma tura ni wancan gari mai nisa. Kana tune da shekarar da munka tashi tsakiyar zango, kab bar makarantarka da abokanka, kay yi ta fushi har ka daina cin abinci? Na ce maka canjin aiki ne irin na kowa. Ba haka ba ne. Wannan ne dalili, kuma hukuncin daidai ne.

In masu duba gida sunka zo, ka buɗe musu ko'ina, har ɗakin da ba ka so a gani. Kuskuren da kak kai da kanka mako na farko faɗa ɗai za a yi maka. Wanda kaɓ ɓoye, kullum girma shike yi, kuma wani ne ke zaune cikinai, ba kai ba. Ka saurari mataimakanka, amma ka tuna sa hannun naka ne.

Bayan na aje aiki mun dawo Wurno, wata rana nit tafi kasuwar Goronyo neman irin albasa. Ina wuce layin masu kifi nij ji an ce, "Oga." Nid duba, ga Sahabi zaune kan tabarma, ya miƙe ƙafar hagu, da kwandon banda gabanai. Ya yi furfura. Munka gaisa. Yac ce ƙafar ba ta barinai tsayuwa cikin jirgi, don haka shina sayen kifi hannun masu kamawa bakin dam, shi banda, shi kawo kasuwa. Ba ƙorafi a muryatai, labari ɗai shike ba ni.

Nit tsuguna gabanai, mutane na wucewa, nic ce, "Sahabi, na zalunce ka. Ka yafe mani."

Yag gyara kifin cikin kwando. Can yac ce, "Ƙafa, ba kai kak karya ta ba, na yafe. Shekarun ma na yafe, tun ina ciki. Amma ranar da Hajo taz zo, wannan ba tawa ba ce. Ita taz zauna ƙarƙashin iccen nan. Sai dai ka tambaye ta."

Mako na gaba nih hau kabu-kabu har ƙauyensu. Sahabi yas shimfiɗa mani tabarma ƙofar gida, yak kawo ruwa, yas shiga yag gaya mata wanda yaz zo. Ba ta fito ba. Taz zo bayan zana tat tsaya, ina ganin ƙafafunta ta ƙasa. Nif faɗi abin da yak kawo ni. Sannan tac ce, "Allah shi yafe muna baki ɗai." Nij ji takunta tana komawa ciki.

Kyakkyawar magana ce, kuma na ce amin. Amma ba ta ce na yafe ba, kuma ba dole ne ta ce ba. Tun ranar nan ban daina juya wannan a raina ba.

Ba don in tsorata ka nir rubuta wannan ba. Aikin halas ne, kuma wani dole shi yi shi, gara mai tsoron Allah. Akwai miyagu na gaske cikin waɗanda za a kawo maka, ka tsare su da kyau, kada tausayi shi sa ka yi sakaci da ƙofa. Amma har su ma, abincinsu ka ɗanɗana da kanka, marar lafiyarsu ka kai asibiti da wuri, kuma kada ka bari wani gandiroba shi ƙara musu hukunci da sandatai. Kotu 'yancin fita ɗai ta karɓe musu. Sauran duk yana nan, kuma kai ne mai gadinai.

Allah shi ba ka ikon riƙe amanar ga, shi haɗa ka da mataimaka na gari, shi tsare ka daga sharrin na ciki da na waje, da sharrin zuciyarka ran da ta ɓaci. Allah shi sa ka gama aikin ga lafiya, ka dawo gida ba wanda ke da haƙƙi a wuyanka, kada tsufa shi same ka tsaye bayan zanan wani kana jiran kalmar da ba dole a ba ka ba. Allah shi kiyaye Balkisu da yara, shi sa mu gana da alheri. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Umaru.